DIREBA KO MOTA? GARDAMAR MASU SHA'AWAR TSEREN MOTOCI A ƘASAR ZURU

Gabatarwa

Garin Zuru, wanda yake kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ba shi da filin tseren motoci. Abin da aka san ƙasar da shi shi ne noma da kokawa da aikin soja, da kuma bikin Uhola na Lelna, watau mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari. Duk da haka wanda ya zauna a tashar mota, ko a rumfar bakanike, ko a teburin mai shayi da almuru, ba zai rasa jin ana ta da jijiyar wuya a kan direbobi ba, ana cewa wane ya fi wane, wane kuwa ba kome ba ne in ban da motar da aka ba shi. A da, direbobin da ake wannan gardama a kansu na gida ne, waɗanda ake gani da ido suna lodi. Yanzu kuwa, da zuwan wayar hannu da talabijin mai kama tashoshin waje, sunayen waɗansu Turawa da Larabawa sun shigo cikin hirar, mutanen da da wuya in sun taɓa jin sunan Zuru. Masu bin wannan wasa ba su kai ko kusa da masu kallon ƙwallon ƙafa yawa ba, amma akwai wata tambaya a ƙarƙashin gardamarsu wadda ba ta taso wa ɗan ƙwallo: idan aka ci tsere, wa ya ci, mutum ko kuwa ƙarfe?

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan tambaya, ta nuna cewa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe da maƙwabtansa, sa'an nan ta nuna cewa ɓangarorin biyu duk sukan manta da wani na uku, wanda sau da yawa shi ne yake yanke hukunci tun kafin a ta da inji.

Daga Doki zuwa Mota

Ya kamata a fara da kalmomin da ake amfani da su, tun da yake a cikinsu ne ra'ayin mutane yake kwance. Tsere shi ne gudun da ake yi domin a ga wanda zai riga isa, ko da ƙafa ne, ko da jaki, ko da kwalekwale. Rige-rige ya fi nuna ɗoki da rashin tsari, irin na direbobi biyu da suka hango fasinja ɗaya a bakin hanya. Sukuwa kuwa ta doki ce, shi ya sa filayen da aka keɓe domin tseren dawaki a Kano da waɗansu manyan garuruwan Arewa ake kiransu filin sukuwa. Da mota ta zo harshe bai ba ta sukuwa ba, ya bar ta da tsere, amma ya kwaso kayan doki da yawa ya ɗora mata. Hawanta ake yi, ana kilisa da ita, ana cewa ta yi tutsu, in kuwa ta fi ƙarfin mai riƙe da ita sai a ce ta ƙwace masa, kamar dai yadda ingarma yake ƙwace wa mahayinsa.

Tare da waɗannan kalmomi tsohuwar gardamar ma ta biyo. A filin sukuwa sunan doki da na mai shi ake kira. Yaron da ya hau, wanda galibi domin rashin nauyinsa aka zaɓe shi, tukwici ne rabonsa. Amma masu dawaki da kansu sun san doki ɗaya yakan ci da wani mahayi, ya kasa da wani. Ke nan tun kafin a ga mota abubuwa uku ne a fili, doki da mahayi da mai doki, ban da yaron barga wanda ya kwana yana yankan ciyawa, wanda ba mai tunawa da shi.

Ma'aunin 'Yan Tasha

Mutumin Zuru daga hanyoyin ƙasarsa ya koyi auna direba, tun kafin ya ga talabijin. Ƙasa ce ta tuddai da duwatsu da rafuka, mai samun ruwan sama fiye da arewacin jihar. Hanyar da ta bi ta Rijau zuwa Kwantagora, da wadda ta bi ta Dabai da Mahuta ta faɗa Koko, inda matafiyi zai kama babbar hanyar Jega da Birnin Kebbi, da wadda ta nufi Ribah da Wasagu, duk sun sha gwada direbobi, musamman da damina, sa'ad da kwalbati kan karye, burji ya koma taɓo. A irin wannan hanya ba a yabon wanda ya fi kowa taka totur. Wanda ake yabo shi ne wanda ya san mazaunin kowane rami, wanda yake jin ciwon inji da kunne tun kafin lagireto ya tafasa, wanda ya tashi da buhunan dawa da fasinja ya kuma sauke su lafiya ba tare da an sauko an tura ba. Irin wannan ne tsofaffin tasha ke cewa hannunsa ya faɗa.

Motar da ta fi shiga zuciyar wannan tsara ita ce Peugeot 504, wadda baki ya mayar Fijo. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna, a wannan shekarar kuma ta ci manyan tsere uku na Afirka, watau Safari na Kenya, da na Maroko, da na Bandama a Kwadibuwa. Direbobi uku daban ne suka ci mata su, Ove Andersson da Hannu Mikkola da Bernard Consten. Wannan ita ce hujjar farko ta masu cewa mota ce kome: mutum uku, ƙasa uku, mota iri ɗaya. Tsohon direban da ya yi shekara da shekaru yana jan Fijo tsakanin Zuru da Sakkwato ba ya bukatar a karanta masa wannan tarihi, domin ya ga yadda take haɗiye gargada.

Akwai kuma wani mutum a tasha wanda ya cancanci a ambata, shi ne karen mota, mai ɗaure kaya, mai sa waigi a hawa, mai kwanciya a ƙarƙashin mota sa'ad da maigida yake cin abinci. Ɗan Maraya Jos ya yi masa waƙa, tana kuma cikin waƙoƙin da suka fara fito da sunansa. Mai karatu ya riƙe wannan yaro a zuciya, domin za a sake gamuwa da shi a cikin hamada, sanye da hular kwano.

Tseren Dogon Zango

Tseren motoci iri-iri ne, amma biyu ne suka shiga hirar mutane. Na farko shi ne na dogon zango, wanda ake kira rali. A cikinsa motoci ba su tashi tare, ana sallamarsu ne ɗaya bayan ɗaya, a auna kowace da agogo daga zango zuwa zango, a tara lokacin, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ya ci. Mutum biyu ne a mota, ɗaya na tuƙi, ɗaya na karanta hanya.

Irin wannan ne ya fi kusa da gida. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Kabawa a 1934, an shigar da tseren motoci cikin shagulgulansa a shekarun 1970, kusa da tseren kwalekwale da sauran wasannin ruwa. Bikin ya tsaya na kimanin shekara goma. Da aka dawo da shi a watan Maris na 2020, hukumar ƙasa mai kula da ƙera motoci ta shirya ayarin motocin da aka harhaɗa a Nijeriya daga Abuja zuwa Argungu. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, wanda ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka, inda ya zana siffar motar Chevrolet Volt. A gaskiya wannan ayari ya fi kama da baje kolin mota a kan gwajin direba, abin da aka so a nuna shi ne ƙarfen gida zai iya jure hanyar gida.

Babban tseren da ya ratsa ƙasar Hausa kuwa shi ne na Paris zuwa Dakar. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace da babur ɗinsa a cikin hamada a 1977, yana cikin wani tsere da ya tashi daga Abidjan. Da aka tsamo shi sai ya ga wannan wahala da ya sha ta isa a sayar wa waɗansu. Ran 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, aka ƙetare da su teku zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasset da Agadas da Yamai, suka bi ta Gawo da Bamako. Guda 74 kaɗai suka ga Dakar a tsakiyar Janairun 1979. Bayan haka hanyar takan canja kowace shekara, amma Nijar ta daɗe tana tsakiyarta. Agadas ta sha zama zangon hutu, a waɗansu shekaru ayarin ya bi ta Tawa, a waɗansu ta Damagaram.

A hamadar Tenere, tsakanin Agadas da Bilma, ma'aunin 'yan tasha ya fi na samari masu son gudu aiki. Babu kwalta, babu alama, sai rairayi. A 1983 guguwar ƙura ta rufe ayarin a can, kimanin 'yan tsere 40 suka ɓace, sai da Sabine ya yi kwanaki yana nemansu da jirgi mai saukar ungulu. Wannan fili shi ne wanda ayarin raƙuman gishiri yake ƙetarewa tun zamanin kakanni, kowane ɗan ayari kuma ya san ƙarfin raƙumi ba ya amfani in jagaba ya kuskure rijiya. Abokin zaman direban rali shi ne jagaba, shi ne kuma karen mota. Yana riƙe da littafin hanya da kamfas, yana faɗin inda za a karkata, in taya ta fashe ya sauko ya kama, in mota ta kafe ya ɗauki shebur. Duk da haka sunan direba ake bugawa da manyan baƙaƙe. Game da abin da direba shi kaɗai zai iya yi a wannan fili, ya isa a tuna da itaciyar nan ta Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada, babu wata kusa da ita sai an yi tafiyar kwanaki, amma a 1973 wani direban babbar mota ya same ta ya kayar. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai.

Abin da ya faru a Gawo ta ƙasar Mali a Janairun 1989 shi ne ya fito da na ukun nan da aka ambata a farko. Kamfanin Peugeot ya zo da direbobi biyu gwanaye, Ari Vatanen ɗan Finlan da Jacky Ickx ɗan Beljiyam, wanda ya riga ya ci wannan tsere a 1983. Motarsu iri ɗaya ce, sun kuma bar sauran ayari a baya da nisa, suna ta kokawa tsakaninsu har abin ya fara ban tsoro. Shugaban tawagar, Jean Todt, ya ga in ya bar su za su ragargaza motocin biyu kamfani ya tashi a tutar babu. Sai ya ciro kwabon faran goma ya cilla sama. Kwabo ya faɗo wa Vatanen, aka umurci Ickx ya sassauta, ya kuwa bi umurni, ya shiga Dakar yana na biyu. To, a wannan shekara wa ya ci? Mai cewa mota ce ba shi da ta cewa, tun da motar ɗaya ce. Mai cewa direba ne shi ma bakinsa ya mutu, tun da ba a bar su sun gwada ba. Mai doki ne ya zaɓa, da kwabo kuwa.

Sabine bai ga wannan rana ba, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ran 14 ga Janairu 1986. Tseren kansa daga baya ya bar yankin. A 2000, saboda barazanar hari, an kwashe ayarin duka da jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya. A 2008 an soke shi ɗungum saboda abin da ake tsoro a Moritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 a Kudancin Amurka aka yi shi, daga 2020 kuma ya koma Saudiyya, yana ɗauke da sunan Dakar, garin da ba ya zuwa. Can ne sunayen Larabawa suka ƙara fitowa, kamar Nasser Al-Attiyah na Katar da Yazeed Al-Rajhi, Basaudiyen da ya ci a 2025.

Tseren Zagaye

Iri na biyu shi ne wanda samari suka fi bi, watau Formula 1. Nan fili ne rufaffe mai kwalta sumul, ana zagaya shi har a cika kimanin kilomita 305, motoci kuma tare suke tashi. Kowane kamfani yana da mota biyu. Na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, haka har zuwa na goma mai maki 1, wanda ya fi tara maki a shekara shi ne zakara. Rabon Afirka da ganin wannan tsere a ƙasarta tun 1993, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu, saboda haka ɗan Zuru ta gilashi kaɗai ya san shi.

Masu cewa mota ce suna da hujjoji masu nauyi. A 1988 kamfanin McLaren ya ci tsere 15 cikin 16. A 2023 Red Bull ya ci 21 cikin 22, Max Verstappen ɗan Holan shi kaɗai ya kwashi 19. Jenson Button na Ingila ya shekara tara yana tsere da nasara ɗaya tak, da ya sami motar Brawn a 2009 sai ya ci shida cikin bakwai na farko, ya zama zakara. Fernando Alonso kuwa, wanda ya zama zakara sau biyu, wanda kuma kowa ya yarda gwani ne, daga 2014 har ƙarshen 2025 bai ci ko sau ɗaya ba, domin bai dace da mota ba. Akan ji mai wannan ra'ayi yana cewa a ba shi motar Verstappen a ga in ba zai kai ta Koko kafin shayi ya huce ba.

Masu cewa direba ne sukan mayar da martani da Juan Manuel Fangio na Ajantina, wanda ya zama zakara sau biyar a shekarun 1950 da motocin kamfani huɗu daban. Amma hujjarsu mafi ƙarfi ita ce abokin barga. Tun da kowane kamfani mota biyu gare shi, ga ma'auni nan a fili: in mota ce kome, me ya hana abokin Verstappen cin rabin tseren 2023? Lewis Hamilton, baƙar fata na farko da ya zama zakara, wanda saboda haka yake da masoya da yawa a nan Afirka, ya kai sau bakwai, daidai da Michael Schumacher na Jamus. Masu ƙinsa sukan ce Marsandi ce ta ɗauke shi. Masoyansa su ce ai ya ci da McLaren tun 2008. Masu ƙinsa su dawo su ce a 2016 abokin bargarsa Nico Rosberg ya kayar da shi da mota iri ɗaya. Haka ake yi har mai shayi ya fara kife kofuna.

Abin lura shi ne kowane ɓangare yana zaɓen shekarar da ta yi masa daɗi ne. In aka duba da idon basira, mota ita ce take shata iyaka, direba kuma shi ne yake nuna ko za a kai bakin iyakar. Mota mara ƙarfi ba ta kai gwani gaba, mota mai ƙarfi kuma takan tona asirin rago, domin ga abokinsa nan a gefe. Bayan waɗannan biyu akwai ɗaruruwan injiniyoyi da kanikawa, akwai kimanin mutum ashirin da suke canja taya huɗu cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai, waɗanda in hannun ɗayansu ya kuɓuce aikin shekara ya lalace. Sama da su duka kuma akwai maigida. A Ostiriya a 2002 Rubens Barrichello na Ferrari yana gaba, aka umurce shi ya ba Schumacher hanya, ya sassauta dab da layin ƙarshe, 'yan kallo suka yi ta ihu. Shugaban tawagar Ferrari a ranar shi ne Jean Todt, mutumin nan mai kwabon Gawo.

Nan ne tsofaffin direbobin haya suka fi samari fahimtar wasan, ko da ba su san sunan kowa a ciki ba. Sun san mota ta mai ita ce, shi yake cewa a sayi sabuwar taya ko a yi wa tsohuwa faci, shi yake zaɓen wanda zai ba makulli, shi kuma yake karɓewa.

Abin da Gilashi ba ya Nunawa

Wannan hira ba ta tsaya a fatar baki ba, shi ya sa ta cancanci a rubuta a kanta. Yaron da ya kwana yana kallon mota tana wuce kilomita 300 a awa, da safe shi ne zai hau babur ɗin kabu-kabu ya ɗauki matar wani da goyo. Ran ɗaurin aure kuma shi ne zai shiga sahun masu wasa da babura da motoci a tsakiyar gari. Abin da bai lura da shi ba shi ne filin da ya gani a talabijin kowa hanya ɗaya ya nufa, babu tirela mai tahowa, babu akuya, babu ɗan makaranta, ga likitoci da 'yan kwana-kwana a kowace kwana. Romain Grosjean ya daki shinge a Bahrain a 2020, motarsa ta rabe biyu ta kama wuta, ya fito da ƙafarsa bayan kusan rabin minti, saboda kayan da ke jikinsa da ƙarfen kariya da aka wajabta a saman kan direba tun 2018. Duk da wannan tanadi wasan ya ci mutane. Ayrton Senna na Burazil, wanda da yawa suke ɗauka ba a yi kamarsa ba, ya mutu a filin Imola na Italiya ran 1 ga Mayu 1994. Tseren Dakar kuwa, ban da 'yan tseren da suka mutu, ya kashe mutanen ƙauyukan da ya ratsa, har da yara, waɗanda ba su sa hannu a takardar kowa ba. Dokar hanya ta Nijeriya ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, tun 1988 kuma akwai hukumar kiyaye haɗurra, amma ba ta da ma'aikaci a kowace kwanar Mahuta. Shi ya sa in yaro ya ce, "Maigida, ai gudu shi ne tuƙi," amsar da yakan samu ba ta wuce a tambaye shi gawa nawa ya taɓa ɗauka daga bakin hanya.

Jiran Lahadi

Daɗin wannan wasa ga masu binsa rabinsa a jira yake. Tsarin ƙarshen mako sananne ne: ran Juma'a gwaji, ran Asabar a fafata a kan wanda zai tsaya a sahun gaba, ran Lahadi a yi tsere. Tun daga Laraba ake fara lissafi, ana duba ko za a yi ruwa, domin ruwa yakan rage fifikon mota ya fito da hannun direba, ana duba ko filin mai dogayen miƙe ne ko mai yawan kwana. A Zuru akwai wani lissafin kuma da ba ya cikin na Turawa. Tseren da ake yi a Turai galibi ƙarfe biyu na rana yake farawa a agogon Nijeriya, lokacin da masu zuwa coci sun dawo, masu salla kuma suna sallame azahar, amma daidai lokacin ne ake take ƙwallon Ingila, mai gidan kallo kuwa ba zai kori benci goma domin benci ɗaya ba. Sai a koma ga waya, a haɗa kai huɗu a kan gilashi ɗaya, ana addu'ar kada caji ya ƙare. Na Ostireliya kuwa da asuba yake zuwa, sai mai tsananin so.

Ƙarshen makon da ya rufe shekarar 2025 a Abu Dhabi ya tara duk abin da aka faɗa a wuri ɗaya. Mutum uku ne suka isa can da damar zama zakara: Lando Norris na McLaren da maki 408, Verstappen na Red Bull da 396, sai Oscar Piastri, abokin bargar Norris, da 392. Kowa ya yarda motar McLaren ce ta fi a wannan shekara, har kamfanin ya riga ya lashe kambin kamfanoni tun da sauran tsere a gaba. Saboda haka masu cewa direba ne suka jingina da Verstappen, wanda ya biyo su daga nesa ya kamo su. Masu cewa mota ce suka tsaya ga Norris. Waɗanda suka san labarin Gawo kuwa tambayarsu daban ce, watau in ta kama, za a ce wa Piastri ya kauce wa abokinsa ko ba za a ce ba? Lissafin a fili yake, Norris ya zo na uku ya ishe shi, ko wa ya ci.

Ran Asabar Verstappen ya kama sahun gaba, Norris na biye, Piastri na uku. Ran Lahadi 7 ga Disamba, da ƙarfe biyu na rana agogon Nijeriya, aka tashi. Tun a zagayen farko Piastri ya wuce Norris, Norris kuwa bai bi shi da kokawa ba, ya riƙe matsayinsa, ya yi irin tuƙin da tsohon direban Fijo zai yaba. Ba a bukaci umurnin maigida ba. Verstappen ya ci tseren, Piastri ya zo na biyu, Norris na uku. Da aka tara, Norris yana da 423, Verstappen 421, Piastri 410. Verstappen ya ci tsere takwas a shekarar, Norris bakwai, amma Norris ne zakara, da ratar maki biyu.